Likita ya amsa: komawa motsa jiki bayan aikin rage tumbi

Tambaya: Likita, kwana 12 ke nan da aka yi mini aikin rage tumbi don rage ƙiba a Alƙahira, na dawo gida. Surukata ta hana ni ko zagaya tsakar gida, wai ɗinki zai farke. Yaushe zan fara motsa jiki? (Wata uwar gida daga Kano)

Amsa: Hajiya, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. A gaishe mini da Mama, a kuma lallaɓa a gaya mata tafiya ba ta farke ɗinki. A asibiti ma ranar aikin ko washegari ake tayar da majinyaci ya taka, saboda dogon kwanciya na sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, gudan ya ɓalle ya toshe huhu. Ke da kika sha zaman jirgi a kan ɗanyen aiki, haɗarinki ya ɗara na wasu. Ki riƙa yin tafiyar minti 5 zuwa 10, sau uku ko huɗu a rana, kina ƙarawa kaɗan-kaɗan.

Inda Mama take da gaskiya shi ne ɗaukar kaya. Ƙananan hujojin da aka yi miki a ciki sukan warke daga waje alhali naman da ke ƙarƙashi bai gama haɗewa ba, kuma yunƙuri na iya jawo ƙaba a wurin. Har sati 4 zuwa 6, kada ki ɗaga abin da ya wuce kilo 5. Bokiti mai lita 10 kilo 10 ne, kin ga ya fita ke nan. Haka goyo, daka, jan guga da wanki a duƙe. Idan sujada na ja miki ciki, ki yi sallah a zaune. Amma in kika ji zuciya na bugawa sama da 120 a minti kina zaune, ko zazzaɓi, ko numfashi ya sarƙe, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana zogi, ki tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne.

Tambaya: Wata uku da yi mini aiki, na rage kilo 20. Amma da na fita tattaki sai jiri ya ɗebe ni. Ina shan maganin hawan jini da na suga. Kuma ina so in koma ƙwallo. (Wani ma'aikaci daga Kaduna)

Amsa: Malam, abu biyu nake zargi. Na farko ƙarancin ruwa. A aikin da aka fi yi yanzu ana cire kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi, don haka kwankwaɗar ruwa bayan gumi ta wuce gare ka. Kurɓa za ka riƙa yi tun safe har ka haɗa lita ɗaya da rabi zuwa biyu, kana barin kamar rabin awa tsakanin abinci da ruwa. Dubi fitsarinka: in ya yi duhu, ruwan bai isa ba. Ka fita bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya, da gorar ruwa a hannu.

Na biyu magungunan. An rubuta maka su ne lokacin da kake da wancan jikin. Da ƙiba ta sauka, hawan jini da suga sukan sauka tare da ita, sai tsohon adadin magani ya yi maka yawa, musamman allurar insulin. Kada ka daina da kanka. Ka auna jini da suga kafin fita da bayan dawowa na 'yan kwanaki, ka kai wa likitanka takardar a wannan makon. Kuma kada jiri ya sa ka rarumi lemon kwalba. Zaƙi mai yawa na zubowa hanji lokaci guda, ya kawo gumi, faɗuwar gaba da gudawa. Sai dai in ka auna ka ga suga ya faɗi, nan kam ɗan zaƙi magani ne.

Ƙwallo ta jira har jirin ya wuce, kuma ka iya tafiyar sauri ta rabin awa ba haki. In gwiwa ta yi ciwo, farasitamol. Ibuprofen da diclofenac, waɗanda 'yan ƙwallo ke sha ba lissafi, suna iya jawo gyambo a ɗan tumbin da ya rage maka.

Tambaya: Wata shida da aikina. Na rame yadda nake so, amma hannuwana ba ƙarfi, fata kuma ta saki. Ina tsoron ɗaga ƙarfe kada in zama kamar namiji. (Wata malamar makaranta daga Maraɗi)

Amsa: Malama, kwantar da hankalinki, jikin mace ba ya murɗewa haka da sauƙi. Abin da ke damunki shi ne ba kitse kaɗai ya tafi ba, har da tsoka, kuma sikeli ba ya bambanta su. Tattaki kaɗai ba zai dawo da ita ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Ba sai kin je gidan motsa jiki ba: ki tashi ki zauna a kujera sau 10 ba tare da dafa komai ba, ki dafa bango ki tura sau 10, ki ɗaga gorar ruwa a kowane hannu. Ki huta, ki maimaita.

Tsoka kuwa sai da abinci mai gina jiki, giram 60 zuwa 80 na furotin a rana. Ƙwai ɗaya giram 6 ne kacal, don haka ki fara cin kifi, kaza, wake, awara ko kindirmo marar suga kafin ki taɓa tuwo. A kuma duba miki jini, don ƙarancin sinadarin ƙarfe da bitamin B12 na kawo irin wannan kasala. Fatar da ta saki sosai kuwa, motsa jiki ba ya ɗauke ta. Ana duba batun tiyatarta ne bayan nauyi ya tsaya cak, galibi shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi.

Tambaya: Zan iya haɗa azumi da motsa jiki wata huɗu bayan aiki? (Wani ɗan kasuwa daga Kumasi)

Amsa: Alhaji, a'a. Wanda ba ya iya shan kofin ruwa guda a tashi ɗaya ba zai iya rama ruwan yini tsakanin buɗa-baki da sahur ba. Likitoci da dama na ba da shawarar a ɗaga azumi a shekarar farko bayan aikin. Ka tuntuɓi wanda ya yi maka aikin, sannan malaminka ya yi maka bayanin ramuwa.