Amsa ga ƙanena kan zaman fasto a Damagaram

Ƙanena, ka tambaye ni ko gaskiya ne fastonmu na nan Damagaram yana noma da hannunsa, kuma wai ana ganinsa a wurin suna da zaman makoki na Musulmi. Duka biyun gaskiya ne. Na ji daga muryarka abin ya ɗan tsaya maka a rai, kuma ba kai kaɗai ba, kusan duk zuwana Malumfashi sai wani dattijo ya ja ni gefe ya yi mini wannan tambaya.

Tushenmu ɗaya da ku. 'Yan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission), waɗanda ikkilisiyarku ta ECWA a Najeriya ta fito daga aikinsu a 1954, su ne suka sauka Zinder, wato nan Damagaram, a 1924, lokacin garin yana babban birnin Nijar, kafin Faransawa su mayar da mulki Yamai a 1926. Ikkilisiyarmu ta nan, EERN, wato Ikkilisiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar, daga wannan aiki ta tashi. Littafi Mai Tsarki na Hausa da kuke karantawa shi muke karantawa. Bambancin yana wajen yawa. Kirista a Nijar ba su kai ɗaya bisa ɗari ba, kuma 'yan ƙasar da suka karɓi bishara sun fi yawa ta wajen Maraɗi da Tsibiri da Dogon Dutsi. Nan kuwa garin Sarkin Damagaram ne, garin malamai da almajirai tun kafin zuwan Bature.

In ka shigo sujadarmu ran Lahadi za ka ga malamin makaranta da aka turo daga yamma, soja da iyalinsa, 'yan Benin da Togo, 'yan kabilar Ibo masu sayar da kayan gyaran mota, ɗaliban jami'a, sai mu 'yan tsirarun Hausawa. Fasto yana wa'azi da Faransanci tafinta yana juyawa Hausa, wata ran a yi akasin haka. Rabin mutanen nan kuma ba mazauna ba ne. Wanda ka yi wa baftisma bana, baɗi gwamnati ta ɗauke shi zuwa Tawa ko Difa, a sake sabon lale.

Ni ne nake zama da ma'aji bayan sujada, don haka na san abin da ke cikin kwandon baiko. A zazzage a kan tebur, tsabar dala ashirin-ashirin ce ta fi yawa, sai 'yar jaka guda a nannaɗe can ƙasa. Daga nan za a biya wuta, a sayi ruwa (ka san ƙishirwar Damagaram, ruwa nan kuɗi ne), a tura kason hedikwata, sannan a ba fasto abin da ya samu. Shi ya sa da damina ta faɗi zai ɗauki hauya ya tafi gonar da ya ara a bayan gari, ya shuka gero da wake. Mama, matar fasto, kuma tana kiwon awaki tana soya ƙuli-ƙuli. Ba ma ganin haka a matsayin raini. Manzo Bulus ma ɗinkin tanti ya yi a Koranti. Abin da ke ba mu kunya shi ne kaka ta yi, ranar godiya ta zo, a rasa wanda zai kawo dami gidan fasto.

Ku can kun saba ganin fasto cikin kakin soja da anini a kafaɗa, bariki ne kawai aikinsa, wani kuma asibiti ko makaranta. A Nijar ma asibitin mishan na Galmi, wanda aka buɗe a 1950, yana da masu zagaya marasa lafiya da addu'a. Mu dai fasto ɗaya muke da shi, da babur ɗaya. Shi ne na asibiti, shi ne na gidan kaso in an ba shi izinin shiga, shi ne na maƙabarta. Kuma a nan ne nauyin aikin yake, wa'azi ɗan guntu ne a ciki. Garinmu yana kan hanyar Tanut da Agadas, matafiya masu neman arewa ba sa yankewa. Wani ciwo zai kayar da shi a tasha, ba uwa ba uba, ba ya jin Hausa balle Faransanci, sai a ga gicciye a wuyansa a aika a kira fasto. A asibiti kuwa dangi ke ciyar da majinyaci. Sai fasto ya raba wa zumuntar mata kwanaki, wannan ta kai koko da safe, waccan ta kai tuwo da dare, shi kuma ya bi takardar magani gida-gida yana haɗa kuɗi. In rai ya yi halinsa, shi zai lalubo lamba a wayar mamacin ya faɗa wa uwar da bai taɓa gani ba, sannan ya nemo samari su haƙa kabari kafin rana ta yi zafi.

Zancen zuwa suna da makoki kuma, ka tuna Juma'a 16 ga Janairun 2015. Zanga-zangar zanen ɓatancin jaridar Charlie Hebdo daga nan ta fara, aka ƙona majami'u da cibiyar al'adun Faransa, aka rasa rayuka, washegari wutar ta kai Yamai. Mutanenmu da yawa a barikin soja suka fake. Amma kafin su kai bariki, akwai waɗanda maƙwabtansu Musulmi suka shigar da su ɗaki suka tsaya a ƙofa. Waɗannan maƙwabta sun san fuskar wanda ya zo musu barka da ta'aziyya. Don haka fastonmu yana zuwa, ya tuɓe takalmi, ya zauna a tabarma, ya ce Allah ya ba da haƙuri. In an tashi salla ya koma gefe, ba wanda ya taɓa matsa masa ya shiga sahu. Naman layya yana shigowa gidansa, shinkafar Kirsimeti tana fita. A ganina faston da ya zo nan da lasifika da kaifin baki a kan addinin mutane, garkensa yake sa wa a haɗari, shi kuwa in ta ɓaci yana da garin komawa.

Naɗi ma ba a gaggawa da shi. Saurayi zai yi makarantar Littafi Mai Tsarki, kamar ta Agye da ke kan hanyar Maraɗi, ya yi shekaru a ƙauye yana mai bishara, a ga zamansa da matarsa da mutanen gari, sannan manya su ɗora masa hannu.

Yaron nan naku da ka ce yana jin kira zuwa Nijar, ka ce masa ya fara koyon Faransanci, ya kuma riƙe wata sana'a. Ya biyo ta Daura da Matamai ya zo cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ya kai zafi, ya sauka wurina ya yi wata guda yana bin fasto a bayan babur. Ka gaida Inna da yara.