Hutun iyali a tsibirin Malta: Disamba ko Afrilu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da maigidana muna son mu kai yaranmu uku da surukata hutu tsibirin Malta. An ce idan ba lokacin tururuwar baƙi ba ne, masauki yana araha. Hutun makaranta na Disamba da na Afrilu kawai muke da su. Wanne ya fi? Hutawa muke so, ba yawon gajiya ba. Daga wata uwa a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ku ɗauki Afrilu, musamman tunda akwai tsohuwa a tafiyar.

Abin da kuka ji gaskiya ne. Malta ƙaramar ƙasa ce ta tsibirai a Tekun Bahar Rum, kudancin Turai, faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 316 ba, ga mutane sama da rabin miliyan. A Yuli da Agusta baƙi kan cika ta maƙil, zafi ya haura digiri 30, kuɗin ɗaki ya yi tashin gwauron zabi. Daga Nuwamba zuwa Maris farashi kan faɗi ƙwarai, ban da makon Kirsimeti da sabuwar shekara. To amma araha ba ta ado. Da rana a Disamba za ki ga digiri 16 ko 17, da dare kamar 10, sai ki ce ai mun saba da hunturu. Ba iri ɗaya ba ne. Sanyinmu busasshe ne, nasu mai laima ne, yana shiga ƙashi. Gidajensu da farin dutse aka gina su don su kore zafi, ƙasa tayil, kuma da yawa ba su da abin ɗumama ɗaki na kirki. Ki shanya rigar yaro a ɗaki, gari ya waye tana nan da danshinta. Mai ciwon gwiwa ba za ta ji daɗin wannan ba. Ga ruwan sama, ga rana tana faɗuwa kafin ƙarfe biyar, wani lokaci kuma iskar arewa maso gabas ta tayar da teku har jiragen ruwa su dakata.

A Afrilu kuwa rana kan kai digiri 20, gonaki sun yi kore shar, furanni ko'ina a gefen hanya, gari da haske har bayan ƙarfe bakwai. Abu ɗaya nake roƙon ki: kada ki yi wa yara alkawarin ninkaya a teku. Ruwan bai gama rabuwa da sanyin hunturu ba, digiri 16 ne ko 17. Wasan yashi dai su yi har su gaji. Idan ninkayar dole ce, ku nemi otal mai wurin wanka na cikin gida da ake ɗumamawa. Ku duba ranar Ista ta shekarar ma, don a makonta farashi kan ɗan hau.

Tunda hutu kuke nema, ni tsibirin Gozo zan tura ku, ƙanwar babban tsibirin Malta. Daga tashar Cirkewwa da ke babban tsibirin minti 25 ne a jirgin ruwa. Can ana ba da hayar tsofaffin gidajen gona masu tsakar gida da kicin, iyali su baje abinsu. Kafin ki biya, ki tambayi mai gidan: akwai na'urar ɗumama ɗaki? Kuɗin wutarta yana cikin haya ko daban yake? Akwai ɗakin kwana a ƙasa? Matakalar irin waɗannan gidaje tana da tsayi da ƙunci, kada Mama ta wuni tana hawa da sauka.

Fita ɗaya a rana ta wadatar. Yau jan yashin gaɓar Ramla, gobe ganuwar Cittadella a garin Victoria, jibi gine-ginen Ggantija da suka girmi dalar Masar. Ku ware kwana biyu ko uku a babban tsibirin: Valletta, babban birnin ƙasar, inda ake harba igwa da tsakar rana a ƙasan lambun Upper Barrakka, yara kan so wannan, sai tsohon birnin Mdina, sai kasuwar kifi ta Marsaxlokk ranar Lahadi da safe, kwale-kwale masu launi jere a bakin ruwa. Masallacin Juma'a yana garin Paola.

Batun abinci, kifi da biredinsu za su riƙe ku. Shahararren farfesun zomonsu da giya ake dafa shi, naman alade kuma yana cikin girki da yawa, don haka a tambaya kafin a ci. Da Turanci za ku yi magana, yana cikin harsunan hukuma. Naman halal ya fi samuwa a babban tsibirin, ku saya kafin ku tsallaka. Yaji da kuka ki ƙulla abinki, amma kilishi da dambun nama a bar su gida, dokar Tarayyar Turai, wadda Malta take cikinta, ta hana matafiyi shigar da nama.

Bizar Schengen, wato ta shiga galibin ƙasashen Turai, kuke buƙata: Yuro 90 ga babba, 45 ga yaro mai shekara 6 zuwa ƙasa da 12, na ƙasa da 6 kyauta, da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000 ga kowa. Ana karɓar takardu tun wata shida kafin tafiya, saboda haka mai son Afrilu ya fara tun Janairu. Babu jirgi kai tsaye daga Najeriya, sai an sauya, misali a Istanbul. Idan maigida zai ɗauki hayar mota, ki gaya masa a hannun hagu suke tuƙi, titunan ƙauyukan Gozo kuma matsattsu ne, ya bi a hankali.