Ga ƙanena na Jega, kan jinyar Yaya da batun fadama

Wa alaikumus salam ƙanena. Kwana biyu saƙonka na yi mini yawo a rai. Ka ce wata biyar ke nan da babur ya kayar da Yaya a hanyar Birnin Kebbi, laka ta taɓu, ƙafafu sun daina motsi, har Baba na shirin sayar da fadamar shinkafa a kawo shi nan Suwizalan, kai ma ka biyo ka yi karatu. Allah Ya ba shi lafiya, Ya sa kaffara ce.

Abin da ka gani a Facebook, cewa a nan Suwizalan an sa waɗanda ƙafafunsu suka shanye sun sake takawa, gaskiya ne. A birnin Lozan, Farfesa Grégoire Courtine da likitar tiyata Jocelyne Bloch suna dasa wani ɗan faifai mai wayoyin lantarki a kan laka, ƙasa da wurin raunin. Jijiyoyin ƙafa suna nan da ransu, saƙon ƙwaƙwalwa ne ba ya isa gare su, sai lantarkin ya zaburar da su. A 2022 suka bayyana sakamakon mutum 3, cikinsu har da Michel Roccati, ɗan Italiya wanda shi ma babur ne ya kayar da shi a 2017. Ya miƙe, ya taka yana dafe da abin dogarawa. A 2023 kuma aka haɗa wa Gert-Jan Oskam, ɗan Holan, na'urar da ke ɗauko niyyar tafiya daga ƙwaƙwalwarsa ta miƙa wa lakar.

Amma ka dubi adadin da kyau, ƙanena. Gwaji ne, masu binciken ke zaɓar wanda za su ɗauka, kuɗi ba ya sayen gurbi. Lakar ma ba ta ɗinke ba: in aka kashe na'urar Roccati, ƙafafun sai su koma yadda suke. Duk wanda ya ce maka ku biya miliyoyi a yi wa Yaya allurar ƙwayoyin halitta ya tashi, ku guje shi. Don Allah ka roƙi Baba kada ya taɓa fadamar nan, ita za ta ci gaba da ɗaukar nauyin jinya.

Ni da nake aikin gashin ƙashi a nan, abin da ya fi tsorata ni shi ne gyambon kwanciya da ciwon mafitsara. Ku riƙa juya shi duk bayan awa 2, dare da rana. Kowace safiya ka duba ƙugunsa da ɗuwawu da dugadugai. In ka ga fata ta sauya launi ko ta yi zafi, kada ya sake kwanciya ta wajen. Robar fitsari ta kasance da tsabta, ya sha ruwa sosai, a riƙa lanƙwasa masa gwiwa da idon sawu kada su sandare. Kada a bar mai ɗori ya ja masa baya.

Karatu kuwa, ka fara daga gida. Jami'ar Bayero tana koyar da gashin ƙashi, ga asibitin ƙashi na Dala kusa da ita. In ka fito da sakamako mai kyau sai mu nemi digiri na biyu da tallafi, don rayuwa a nan da tsada ƙwarai, kuma Faransanci ake yi a Lozan.

Turo mini hoton takardar MRI ɗinsa, wato sakamakon hoton lakar da aka ɗauka a asibiti. Ka kuma tsunkule shi a babban yatsan ƙafa idonsa a rufe, ka gaya mini ko ya ji. Ka gaishe mini da Baba da Inna.