Wace fulawa zan shuka a tsakar gida?

Tambaya: Salam Malam. Mun tare a sabon gida a Katsina, tsakar gidan fayau ba ko ganye, ga rana ga wahalar ruwa. Dan Allah wace fulawa ce za ta jure? Ina da ƙananan yara da awaki. Daga wata uwargida.

Amsa: Hajiya Allah ya sanya alheri. Ni dai boganbiliya zan fara ce miki, wannan mai ja da ruwan hoda da take lulluɓe katanga, rana take so kuma in ta kama ƙasa ba ta son ruwa sosai, in kin cika mata ban ruwa ma ganye za ta yi ta yi ba fure. Tana da ƙaya dai, a nesanta ta da wajen wasan yara. Sai lalle, wallahi an raina shi, ga ƙananan furanni masu ƙamshi ga ganyen ƙunshi kyauta.

Amma oliyanda kam, wannan mai dogayen siraran ganye da fure ruwan hoda, ja ko fari, kar ki yarda masu sai da fulawa su liƙa miki, ganyenta da furenta duk guba ne ga yara da dabbobi.

Ki bari damina ta zauna, wajen Yuli, sai a dasa da busasshen taki, a kewaye da waya saboda awakin nan.