Wai da gaske a Ingila bature ya fi samun aiki?

Dan uwa kana tambaya ko da gaske ne a Ingila turawa sun fi bakar fata samun aiki, eh gaskiya ne, rashin aikin yi a wajen bakar fata kusan ninki biyu ne na turawa. Kuma kar wani ya ce maka ai karatu ne ba su yi ba, don a wani bincike da aka fitar a 2019, masu bincike na jami'ar Oksifod sun tura takardun neman aiki iri daya sak, sunan mai nema da asalinsa kawai suka canza, sai aka ga dan asalin Najeriya sai ya kara kashi 80 cikin dari kan yawan takardun da bature ya tura kafin a kira shi. Ga kuma digirin da aka yi a gida Najeriya, sau da yawa masu daukar aiki ba sa kallonsa.