Rigar ɓuya don ɗaukar hoton tsuntsaye da waya

Tambaya: Malam, ina son ɗaukar hoton dinya da zalɓe a bakin tafkin Kware, amma da na matso sai su tashi. Na ga wata riga mai kama da tarin ciyawa a YouTube. Zan iya haɗa ta da kaina? Daga wani ɗalibi a Sakkwato.

Amsa: Za ka iya, ɗan'uwa, kuma dabarar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Maharban da can kan burtu suke ɗaurawa a goshi, su sunkuya suna rangaji har su isa ga nama. Irin wadda ka gani kuwa masu gadin gandun farauta na Sikotland suka fara ta, sojan Birtaniya suka ɗauka a yaƙin duniya na farko.

Nemi tsohuwar koma wurin masunta, ka ɗinka ta a bayan riga mai dogon hannu da kuma kan malafa. Warware buhun algarara zare-zare, ka riƙa ƙulla shi tufka-tufka a idon komar, wani gajere wani dogo. Kar ka ɓata kuɗi wajen rina shi kore. Da rani daji launin busasshiyar ciyawa yake, algarara kuwa haka aka saƙa shi. In ka isa wurin, tsinki ciyawar da ke nan ka soka. Algarara na kama wuta nan take, kuma yana riƙe zafi. A watan Afrilu da zafi ke wuce digiri 40, in ba da asuba ba ne, haƙura.

Ka nisanci yadi mai zanen kakin soja, doka ta hana farar hula sa shi. Yadda tsaro yake a jihar nan, wanda aka hango ya laɓe cikin ciyawa ba za a tsaya tambayarsa sunan tsuntsu ba. Gaya wa mai gari tukuna, ka ɗauki rigar a jaka, ka je da ɗan gari.

Ni dai a ganina wayar ce ta fi tona asirin mutum. Gilashinta na walƙiya a rana, ga ƙarar ɗaukar hoto, ga kira da zai shigo daidai lokacin da dinya ta sauka. Kashe filashi da sauti, rage hasken allo, ka naɗe jikinta da ƙyalle, ka bar idon kyamara kawai. Kar ka dogara da jawo hoto da yatsu biyu. In wayarka ba ta da kyamarar nesa ta daban, yanko tsakiyar hoton kawai take yi ta faɗaɗa, shi ya sa yake fitowa dishi-dishi.

Abin da ya fi sauƙi: ɗaure wayar a turke kusa da inda suke shan ruwa, ka lulluɓe ta da guntun komar, ka koma baya da ɗan rimot na Bluetooth, wanda ke kai wa kusan mita 10. Amma kafa turken a inuwa. Apple ta ce daga digiri 0 zuwa 35 aka tsara iPhone ta yi aiki, sauran wayoyi ma kusan haka ne. In ta ɗau zafi, kyamarar na iya rufe kanta kafin tsuntsu ya iso.