Kar ka sa К a wurin Қ, ƙanena

Ƙanena, ka ce wayarka ba ta da Қ ɗin nan mai 'yar jela a ƙasa, kana tambaya ko К zalla zai wadatar. Wallahi tambayarka ta sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi, don harafin nan ya wahalar da ni a shekarata ta farko a birnin Almaty na ƙasar Kazakistan.

In da Rashanci kake rubutu, babu shi ma sam. Amma a yaren Kazak haruffa biyu ne daban. Haruffansu 42, wato 33 na Rasha da ƙarin 9, Қ na cikinsu. Daga can ƙarshen ganɗa ake furta shi, kamar ق da muka koya a makarantar allo, ba irin ƙ ɗinmu ba. Sunan ƙasar ma sau biyu ya fito a ciki: Қазақстан.

Ni wani mai shagon buga takardu ne ya cuce ni. Na biya shi ya buga mini takardar neman ɗaki, ashe rubutun kwamfutarsa bai san harafin ba, duk inda Қ yake sai ɗan akwati ya fito. Ya gani sarai, ya miƙo mini haka nan. Na bi layi cikin ƙanƙara, yatsuna sun sandare, da na isa gaban matar ofishin ko kallona ba ta yi ba, ta turo mini takardar, mutane na ta kallona. Na koma wurinsa, mutumin nan ya ce sai na sake biya! Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Ka shiga saitin waya ka ƙara allon rubutu na Kazak, kyauta ne. A kwamfuta yana kan maɓallin 0, don ƙarin haruffan a layin lambobi suke. Kuma ka duba takarda tun a shagon kafin ka biya, don Allah.

'Yan'uwanmu da ke Tajikistan da shi suke fama, haka masu karanta tsohon rubutun Uzbek, ko da yake tun 1993 Uzbekistan ta karkata ga haruffan boko, q suke sawa. Kirgizawa kuwa К kawai suke rubutawa. Kazakistan ma a 2017 ta ce za ta koma boko, amma takardun da za a ba ka yau da Қ suke, gara ka saba hannunka da jelar tun yanzu.